Muryar Turmin Inna

Ku matso kusa, ku gyara zama, a miƙa wa na baya tabarma. Abin da zan ba ku yau ba tatsuniya ba ce, ko da yake in na yi nisa wani zai ce na ƙara gishiri. Labarin Iya Laure ne, ta Unguwar Hajji a garin Karaye, da turmin da ta gada a wurin mahaifiyarta.

Sunanta na yanka Lauratu, amma an daɗe ba a ji shi a bakin kowa ba. Doguwar tsohuwa ce mai manyan ƙasusuwa, ta haura saba'in. Tafin hannunta duk kanta ce, ba kuma ta fartanya ba, ta taɓarya. Jikokinta kan tsokane ta su ce ko allura ta soke ta a wurin ɗinki sai an gaya mata.

An haife ta a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Karaye da Rogo, gidan manoman gero da gyaɗa. Su biyu ne mata a wurin iyayensu, ita da ƙanwarta Sadiƙa. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta zo gidan miji da wani turmin icen ƙirya, baƙi wuluk, mai nauyin da sai mutum biyu suke ciccibarsa. Ita ma a hannun tata uwar ta karɓe shi. Wanda ya sassaƙa shi kuwa, yau ba mai iya faɗa muku sunansa.

To, duk macen da ta yi daka ta san kowane turmi da muryarsa. Akwai mai kaifin ƙara kamar ana buga ƙyaure, akwai mai amsawa a shaƙe. Na Inna daga ƙasa yake amsawa, wani irin sauti mai zurfi da ƙirjinka ke ji kafin kunnenka. Mahaifinsu yana can gona, bai ga hayaƙin gida ba, amma ya san inda aka kai da abinci. In ya ji sautin a bushe, surfe ake. In ya ji ya yi nauyi, an shiga ribɗi. In kuwa ya koma mai laushi, yana dannewa, to kirɓin fura ne, sai ya fara duban inuwar da zai zauna.

Amma abin da ya fito da sunan gidan shi ne lugude. Wasu yaran yanzu ba su taɓa gani ba, bari in faɗa. Mata uku ne za su kewaye turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, wannan na fita waccan na shiga, ba a karo, har dakan ya koma kiɗa. Kowane gida da salonsa. Salon Inna shi ne, in an yi 'yan zagaye sai ta bar wani ɗan gurbi, kamar mai magana ya tsaya jan numfashi. A cikin gurbin nan ta ƙarshe za ta daki leɓen turmin da gefen taɓarya, sannan a cilla taɓare sama, a tafa, a cafe, a ci gaba.

Laure ta fara shiga lugude tun tana hawa kan dutse don ta kai. Abin da Inna ta fi nanata mata shi ne kada ta kalli cikin turmi, ta kalli kafaɗar wadda ke gabanta, don kafaɗa ce ke faɗar lokacin da taɓarya za ta sauko. Da Sadiƙa ta tasa suka cika uku, uwa da 'ya'yanta. In ana biki a ƙauyen ba a fara dakan gari sai an aiko an ɗauki turmin Inna, an kuma roƙi masu shi su biyo bayansa.

Aure ya raba su. Aka kai Laure Karaye, gidan Malam Shitu, manomin gyaɗa, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga murya ba sai a kan awakin da suka shiga masa gona. Sadiƙa kuma aka kai ta Rogo Ruma. Da Inna ta rasu, 'yan'uwansu maza suka ce turmi da taɓarya kayan mata ne, su sasanta kansu. Ba su yi gardama ba. Laure ta ɗauki turmin, don ita ce babba kuma ita ke sana'ar fura. Sadiƙa ta ɗauki taɓaryar Inna. Aka bar maganar a kan cewa turmin nasu ne su biyu, ajiya ce kawai a Karaye.

A cikin turmin nan Laure ta yi rayuwarta. Ranar kasuwar Karaye, tun da hantsi masu nono suke jeruwa a zaurenta suna jiran fura. Da furar nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da ita ta tallafi maza har suka gama makaranta, da ita ta riƙe gida shekarar da gyaɗa ta ƙi. Da injin niƙa ya shigo unguwar ta ce furar inji ba ta da rai, ta daɗe tana faɗa. Daga baya ƙugu ya fara ciwo, 'yan matan da ke taya ta suka yi aure, ita ma ta fara aikawa inji, ba ta kuma sake yi masa gori ba.

Turmin ya rage aiki, ya bushe. Wata shekara da rani aka wayi gari da wata siririyar tsaga daga leɓensa ta gangara har kusan ƙugunsa. Laure ta kwantar da shi a inuwar rumbu, ta rufe shi da tsohon buhu. Malam Shitu ya rasu, rumbun ya daina cika, turmin yana nan a kwance. Duk sallar da Sadiƙa ta zo gaisuwa, kafin ta zauna sai ta je ta ɗaga buhun ta ɗora hannu a kai, sannan ta dawo a gaisa sosai.

Haka aka yi shekaru, har zuwan Mashkura.

Mashkura jikar Iya Laure ce, 'yar babban ɗanta, matar aure da 'ya'yanta. Tana aiki a wani gidan adana kayan tarihi a Kano, sashen hoto da naɗar sauti. Aikinsu shi ne bin tsofaffin kayan gida da mutane ke yarwa ko su faskara su sa a murhu, irin su akushi da dutsen niƙa da mazari. Sukan ɗauki hoton abu ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa hotunan ya zama kamar abin ne a gabanka, kana juya shi yadda ka so. In abin mai sauti ne su naɗi sautinsa. Wanda masu shi suka yarda kuma, a kai shi gidan tarihin a ajiye cikin gilashi.

Bayan an gama cirar gyaɗa ta sauka daga bas da jaka a kafaɗa. Da aka gama gaisuwa, aka tambayi maigidanta da yara da mutanen Kano, ta sha ruwa, sai ta ce, "Iya, auren turminki na zo nema."

Iya Laure ta dube ta sama da ƙasa. "Ya tsufa, kuma yana da rauni. Ke da ko barkono a inji kike kaiwa, me za ki ba shi ya ci?"

Mashkura ta yi dariya, ta yi mata bayani. Ta ce a inda yake, gara ko damina za su ƙarasa shi. A wurinsu kuwa zai zauna ba rana ba ruwa, a rubuta sunan Inna da ƙauyensu a gefensa, jikokin jikoki su zo su gani. Iya ta ce maganar ba tata ba ce ita kaɗai, sai an ji ta bakin ta Rogo, amma hoto dai a ɗauka, hoto ba ya rage komai.

Aka kira maza biyu suka fito da turmin tsakar gida. Mashkura ta yi ta kewaya shi da na'urar hoto, ta tsuguna, ta miƙe, ta hau kujera, aka kifa shi ta ɗauki gindinsa. Matan gidan suna ta kallo suna cewa ko amarya ba a yi mata wannan hidimar. Washegari ta buɗe kwamfuta ta kama yatsan Iya ta ɗora. Sai ga turmin da sai an nemo maza, Iya Laure tana wulwula shi da ɗan yatsa ɗaya. Ta juya shi, ta matso da shi, har ta ga wurin da leɓen ya lotsa saboda dukan gefen taɓarya. Ta daɗe a kan wurin. Can sai ta karkato da kunnenta kusa da kwamfutar, ta saurara, ta ɗago.

"Ba ya magana?"

Mashkura ta ce shi ne aiki na biyu. Amma ba a cikin wannan turmin za a daka ba, tsagar ta yi nisa. Za a aro na maƙwabciyarsu Mas'uda, wanda yake da lafiya, a naɗi luguden Inna a cikinsa, a haɗa da hoton. Da Iya ta ce ai lugude sai mata uku, kuma a unguwar ba sauran wanda ya san salon Inna, Mashkura ta ce wannan ba matsala ba ce. Iya za ta daka ita kaɗai a naɗa, ta sake dakawa a kan na farkon, ta kuma yi na uku, kwamfuta ta haɗa ta zama mata uku.

Sai a ranar Iya Laure ta san yawan surutun da ke unguwarsu. Da an kafa makirufo, wani abu mai gashi kamar kyanwa a kan sanda, sai babur ya wuce. In ya wuce, injin markaɗe ya tashi. In ya mutu, zakara ya ce ga shi. Da ƙyar aka sami sarari. Aka zuba jiƙaƙƙen gero, Iya ta yi taɓaryar farko lafiya lau. Daga nan aka zura mata abin ji a kunne ta ƙarƙashin ɗankwali, aka kunna mata dakan da ta yi, aka ce ta shiga tsakani.

Nan aka yi ta fama. Ta shiga da wuri, ta shiga a makare, ta tsaya ta sake. Ta saba da kallon kafaɗa, ga shi abokiyar dakan tata ba ta da kafaɗa, ba ta da fuska, tana cikin kunne kawai. Ta cire abin ta ajiye taɓarya tana haki.

"Wannan matar ba ta da kirki. Ba ta jira, ba ta gajiya, in ka yi tuntuɓe ba ta rage maka."

"Ke ce fa, Iya."

"To ashe haka nake. Allah ya ba Sadiƙa ladan haƙuri."

Duk da haka Mashkura ta san aikinta. Ta koma Kano da abin da aka samu, ta zauna ta jera kowace dukan taɓarya a mazauninta, ta cire kukan zakara, ta gyara gurbin numfashin nan daidai yadda Iya ta kwatanta. Turmin Mas'uda na icen mangwaro ne, muryarsa siririya, sai ta ƙara masa kauri a kwamfuta har ya yi zurfi. Da ta dawo ta kunna, matan gida suka yi ta mamaki, har Mas'uda ta ce ita ba ta san turminta ya iya haka ba. Iya Laure ta saurara har ƙarshe. Ta ce an yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka, salon kam shi ne. Amma kamar wata ce ta shigo gida tana kwaikwayon maganar Inna don ta ba yara dariya. Mashkura ba ta ji haushi ba, ta ce ita ba ta taɓa jin na ainihin ba, iyakar abin da za ta iya ke nan. Ta zuba mata shi a 'yar wayarta ta tafi.

Iya ta riƙa kunnawa. Tana tsintar wake ta kunna, baƙuwa ta zo ta kunna mata. Ba don ya gamsar da ita ba, sai don an daɗe ba a ji lugude a gidan ba.

To, ga inda abin ya juya. Tun rasuwar Inna, Iya Laure tana da wata al'ada da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In ta zauna ita kaɗai, takan kira muryar turmin nan a zuciyarta, ya zo mata cak, da zurfinsa da komai, kamar tana tsakar gidansu na ƙauye. Wata rana bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa ta kira shi, sai na waya ya amsa. Ta girgiza kai ta sake kira. Na wayar dai. Ta kashe wayar ta cusa ƙarƙashin katifa, ta kwana biyu ba ta taɓa ta ba, ta sake gwadawa. Sabon ya hau kan tsohon ya zauna, kamar an yi wa bango sabon yaɓe.

Abin ya tsorata ta. Turmin yana nan a inuwar rumbu, hotonsa yana Kano, amma muryar a kanta kaɗai take, ga shi tana zubewa. In ta tafi, abin da za a ajiye da sunan Inna muryar mangwaro ce da aka yi wa kauri.

Ta sa aka kira mata Mashkura a waya, ta ce tana so a dawo da kyanwar nan mai sanda, za a daka a turmin Inna.

Mashkura ta zo da kanta don ta hana. Ta nuna mata tsagar a kwamfuta, ta matso da ita har ana ganin yadda ta ratsa ta ciki, ta ce icen da ya shekara da yawa a bushe ba zai ɗauki taɓarya uku ba. Ta ce turmi irin wannan ba su da ko ɗaya a gidan tarihin, in ya fashe ba a sake wani. Don a raba gardama aka kira Sulle masassaƙi. Ya ƙwanƙwasa, ya zura farce a tsagar, ya ce shi ba zai yi alkawari ba, zai iya ɗauka, zai iya rabewa. In ana so ya ɗaure shi da ƙarfe ya riƙe, amma su sani turmin da aka ɗaure da ƙarfe ba ya amsawa kamar da. Iya ta ce to me aka yi ke nan.

Saura mai rabin turmi. Iya Laure ta yafa mayafi ta hau mota zuwa Rogo, daga nan babur ya ƙarasa da ita Rogo Ruma. Sadiƙa ta yi murna, ta yanka kaza, suka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu. Sai da aka ci aka wanke hannu Iya ta faɗi abin da ya kawo ta.

Sadiƙa gajera ce, mai saurin magana. Da ta gama ji ta ce ba ta yarda ba. Ta ce a kai shi Kano in ana so, ko ba ta je ba ta san yana nan. Ta ce na Inna ba abin da ya rage musu a duniya da za su taɓa da hannu sai shi da taɓaryar nan.

"In kin fasa shi, Yaya, in na zo Karaye a kan me zan ɗora hannu? A kan waya?"

"To yi mini shi da baki," in ji Iya Laure. "Yadda yake amsawa. Yi in ji."

Sadiƙa ta gyara zama, ta fara da bakinta, tana buga cinya. Ta yi zagaye biyu ta tsaya. Ta sake farawa da wata murya, ta ce a'a, ya fi haka zurfi. Ta kuma gwadawa, ta kawo gurbin numfashi a inda Iya ta ce ba nan yake ba. Suka ɗan yi musu a kan wannan, kowace tana cewa ita ce ta fi tunawa. Sai musun ya mutu da kansa, don duk sun gane abin da ya nuna.

"Ko na manta," in ji Sadiƙa, "shi bai manta ba. Ki bar shi da abinsa."

"Abin da ba wanda zai sake ji, a wurin wa yake?"

Sadiƙa dai ta tsaya a kan bakanta. Iya ta kwana, ta komo Karaye ba da izini ba. Ta ce wa Mashkura a bar maganar, ba za ta taɓa kayan mutum biyu da yardar mutum ɗaya ba.

Ana nan, ranar wata kasuwar Karaye, sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida. Sadiƙa ce, ta rungumo wani dogon abu naɗe a cikin zane, ɗan acaɓan yana ta mitar yadda ya riƙa zungurar mutane a hanya. Ta shigo ta jingina shi da bango ta warware. Taɓaryar Inna ce, tsakiyarta ta siranta saboda riƙo.

"Ban yarda ba har yanzu," ta ce. "Amma na san ki, ba za ki sake yin barci mai daɗi ba. In zai mutu, ba a bayan idona ba, ba kuma da taɓaryar aro ba."

Aka yi kwanaki ana shirya turmin yadda Sulle ya ce, ana shafa masa man gyaɗa, ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don ya sha danshi. A tsakanin nan 'yan'uwan biyu suka zaunar da Mas'uda, wadda ta yi lugude a ƙuruciyarta, suna koya mata salon Inna a nata turmin, suna faɗa da juna a kan gurbin numfashi har suka daidaita. Mashkura ta zo da kayanta. Ta sake faɗin ra'ayinta sau ɗaya, a gaban kowa, cikin ladabi. Da ta ga an riga an yanke, ta ƙara ɗaukar hoton turmin ciki da waje, ta kafa makirufo biyu, ta je da kanta ta roƙi mai injin markaɗe ya ɗan dakata.

Da hantsi aka zuba gero. Tsofaffi uku suka ɗaure zane a ƙirji suka kewaye turmin, suka yi bisimilla. Sadiƙa ce ta riƙe taɓaryar Inna.

Farkon bai yi kyau ba. Hannuwa sun yi nauyi, Mas'uda tana tsoro, kowa na sassautawa don tausayin turmin. Shi ma ya riƙa amsawa sama-sama, kamar wanda aka tasa daga barci. Iya Laure ta ce in za a yi a yi, lallashi ba ya fito da murya. Ta ɗaga taɓarya ta sake ta da nauyinta duka.

Sai ya amsa.

Mashkura ta ce ita ta ƙafafunta ta fara ji, kafin abin kunnenta ya kawo mata. Mas'uda ta shiga, Sadiƙa ta bi, kafaɗu suka fara magana da juna. Aka zo gurbi, Sadiƙa ta daki leɓe daidai inda ya lotsa, taɓare suka tashi sama, ba can sosai ba don shekaru sun ja, aka tafa aka cafe. Wata tsohuwa daga gida na uku ta shigo ba sallama, ta tsaya a bakin zaure da hannu a ƙirji. Iya Laure tana daka tana dariya, hawaye na bin kuncinta. Aka yi zagaye, aka sake, aka kuma. Geron ya fara sakin dusa.

Ana cikin haka aka ji wata ƙara, ba babba ba, kamar an taka busasshen kara. Turmin ya buɗe gida biyu, a hankali, kowane ɓari ya kwanta gefensa. Gero ya watse a ƙasa. Taɓaryar Mas'uda tana sama, ta rasa inda za ta sauke ta.

Kaji suka taho da gudu, ba wanda ya kore su. Mashkura ta bar na'urar tana naɗa, ta manta da ita. Sadiƙa ta jingina taɓarya, ta durƙusa ta juyo ɓarin da ke kusa da ita. Cikin icen ja ne, jawur, kamar jiya aka sare shi, alhali bayansa baƙi. Ta share masa dusa da gefen zaninta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dubi yayarta ba.

Mashkura ta ce in an ba ta ɓarin biyu, akwai masu iya liƙa su a gidan tarihin, a ajiye shi ko da tabonsa. Sadiƙa ta ce a'a, an gama yi masa abin da za a yi masa. Washegari ta ɗaure ɓari ɗaya da taɓaryar a bayan babur ta koma Rogo Ruma. Ɗayan yana ɗakin Iya Laure, a bayan gado.

Saboda haka gidan tarihin bai sami turmi ba. Abin da ke can yau allon kwamfuta ne a jikin bango, da turmin Inna a ciki lafiyayye sai tsagarsa, kana juya shi da yatsa, ga abin ji a rataye a gefe. Mashkura ta tambayi Iya ko a yanke ƙarshen, a tsaya a inda luguden ya yi daɗi. Iya ta ce a bar shi har kukan kajin. Wai masu ziyara da yawa in sun kai wurin ƙarar sai su zare abin daga kunne, su duba allon su ga ko hoton ne ya fashe.

An tambayi Iya Laure ko abin da aka naɗa shi ne muryar da take nema. Ta ce kusan. Tsagar ta sa masa wata 'yar rawa a ƙarƙashi wadda ba ya da ita a da, irin ta muryar mutum in ya tsufa. Amma shi ne, ba mai kwaikwayonsa ba. Ta ce yanzu in ta kira shi a zuciya yana zuwa.

Sadiƙa kuwa an tura mata a wayar jikarta, har yau ba ta yarda an kunna a gabanta ba. Suna gaisawa da yayarta, suna aika wa juna daddawa da kuka, ta zo suna, ta zo gaisuwar rashin lafiya. Maganar turmi ce dai ba mai tayarwa. Mashkura ma, in aka matsa mata, takan ce a matsayinta na ma'aikaciya har gobe tana ganin asara aka yi, a matsayinta na jika kuma ba ta san abin da za ta ce ba.

Ni ma ban yanke ba, shi ya sa na kawo muku. Da a inuwar rumbunku turmin nan yake kwance, ku kaɗai kuka rage da kuka san muryarsa, kuna kuma jin tana gushe muku, za ku bar shi da jikinsa ya yi shiru har abada, ko za ku jiƙa gero?